RAYA ƘASA MAI ƊOREWA: DARASI DAGA ƘASAR LAFIYA

Edita ya roƙe ni in rubuta wa ɗaliban ajin ƙarshe wani darasi wanda za su tafi da shi ƙauyukan da za a tura su. Na daɗe ina tunanin abin da zan zaɓa, sai na tuna da wata tafiya da na yi bara da rani, na ce to, bari in fara daga nan, gama gani ya kori ji.

An tura wani ɗalibinmu gwajin koyarwa a wata makarantar 'ya'yan makiyaya, kudu da Lafiya. Ran da na je duba shi na tarar da ɗaki biyu na karatu, da kwano sabo fil, da allo, da bencina. Na buɗe rajista na ga suna 47. Na ƙirga yaran da ke zaune na sami 6. Na tambayi ɗalibin nan ina sauran, ya ce in zo mu je wurin Ardo in ji da kunnena.

Da muka gaisa na ce, "Allah ya ba ka nasara, Ardo, Gwamnati ta gina muku makaranta, me ya sa kuka kwashe yara?"

Ya yi murmushi, ya ce, "Malam, saniya ba ta shan alli. Zo ka ga rijiyar."

Ya kai ni wurin rijiyar burtsatse da aka haƙa tare da makarantar. Wata huɗu ke nan da ta daina ba da ruwa. Wani ɗan ƙarfe ne ya karye a ciki, kuɗinsa bai kai na tunkiya ba. Amma ba a koya wa kowa gyaranta ba, ba a kuwa gaya musu ko ta wane ne ba. Su suna cewa ta Gwamnati ce, suna jira. Da ruwa ya ƙare samari suka kora shanu wajen Binuwai, yara suka bi shanu. Na komo gida ina ta juya zancen nan a raina. An kashe kuɗi mai yawa, da kyakkyawar niyya kuma, amma ɗan ƙarfe guda ya rufe makaranta.

1. MENE NE MA'ANAR ƊOREWA?

A zamanin iyayenmu "raya ƙasa" kawai a ke cewa, watau a yi hanya, a haƙa rijiya, a gina asibiti. Daga baya masana suka lura akwai rayawar da ke cinye ƙasar da a ke rayawa. Cikin 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta shugabanta, ya ba da shawara mutanen yau su biya bukatarsu ta hanyar da ba za ta hana jikokinsu biyan tasu ba. Cikin 2015 kuma ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince da muradai 17 waɗanda a ke so a cim ma kafin ƙarshen 2030. Daga cikinsu akwai kawar da yunwa, da ilmi ga kowane yaro, da ruwa mai tsabta, da kiyaye ƙasa da itatuwa, da zaman lafiya.

In za ku koya wa yara wannan, kada ku cika su da manyan kalmomi. Ku nuna musu murhu. Duwatsu uku ke riƙe da tukunya. Na farko arziki, watau abin da mutum zai ci ya sayar. Na biyu ƙasa, da ruwanta da ciyawarta da itatuwanta. Na uku jama'a, da yardarsu da zamansu lafiya da juna. Kowane ka zare, tukunya ta kife. Rijiyar Ardo dutse na uku ta rasa, domin an yi wa mutane aiki ba a sa hannunsu a ciki ba.

2. ƘASARMU DA MUTANENTA

An yanki Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba 1996, aka mai da Lafiya babban birninta. Tana da ƙananan hukumomi 13. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 1,800,000 a cikinta, yanzu kuwa sun ƙaru ƙwarai. Garin Lafiya Barebari suka kafa shi, ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa a ke ce masa Lafiyar Barebari. Kewaye da shi akwai Alago na Doma da Keana da Obi, da Eggon, da Migili, da Gwandara, da Tibi, da Hausawa, da Filani, da waɗansu da dama.

Allah ya yi wa ƙasar nan albarka. Damina ta kan fara wajen Afrilu, ta kai Oktoba. Ana noma doya, da rogo, da shinkafa, da riɗi, da agushi, da gyaɗa. Matan Keana da Awe sun gaji dafa gishiri tun kaka da kakanni. Fadamun Binuwai da na kogin Mada kuwa su kan riƙe ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani. To, albarkar nan ita ce ta jawo matsi, gama abin da manomi ke so a fadama, shi makiyayi ke so.

A da shanu ba su cika zama nan ba sabo da tsando, ƙudan nan mai kawo sammore. Filani su kan gangaro da rani, su koma arewa da faɗuwar ruwa. Abu uku suka sāke wannan. Da fari, yawan sare daji ya rage tsando, magunguna kuma suka samu. Na biyu, farin da aka yi a Arewa daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya wajen 1984, ya koro garkuna da yawa kudu, waɗansu ba su sake komawa ba. Na uku, mutane sun yi yawa. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da 'yan kai, yau kuwa sun wuce miliyan 200. Gona ta ci saura, ta ci burtali, ta ci mashaya. Ga masu gawayi suna kayar da kirya da kaɗanya ana lodawa a mota. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru da ko taki ɗaya ba.

3. ABIN DA GWAMNATI TA SHIRYA

Kada wani ya ce muku Gwamnati ba ta taɓa kula da zancen nan ba. Ta kula, tun da daɗewa. Ga manyan shirye-shiryen bi da bi, ku riƙe shekarunsu.

1965. Gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta kafa dokar keɓe makiyaya. Nufinta a ware wa dabbobi daji, a haƙa musu tafki da rijiya, a kai musu likitan dabbobi, don mai shanu ya sami wurin da zai ce nasa ne. An ware wurare fiye da 400 a ƙasar nan, amma waɗanda aka tabbatar da su cikin doka, aka buga iyakarsu, ba su kai rabi ba. A jiharmu akwai makiyayar Awe, da ta Keana, da ta Gitata, da waɗansu. Wurin da ba a kafa masa dutsen iyaka ba, ba a kuwa sa mai tsaro ba, sannu a hankali gonaki su kan shige shi. Manomin da ya shekara talatin yana noma wuri, ya haifi 'ya'ya a nan, ya binne iyaye a nan, yaya za ka ce masa yau ya tashi?

1977. Da taimakon Bankin Duniya aka shirya aikin raya noma na Lafiya, irin waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe. Ya kawo taki, da iri, da hanyoyin ƙauye, da malaman gona. Ya amfani manoma ƙwarai, amma hankalinsa yana kan gona ne, ba kan garke ba.

1978. Dokar mallakar ƙasa ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna, amana domin jama'a. Ta yardar wa ƙaramar hukuma ta ba da har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Sai dai yawancin talakawa, manoma da makiyaya duka, ba su da takarda ko ɗaya a kan inda su ke. Mai takarda kuwa shi ke da baki a gaban alƙali.

1989. Zamanin da Farfesa Jibril Aminu ya ke Ministan Ilmi aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, babban ofishinta yana Kaduna. Daga baya aka haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Dabarar tana da kyau: makaranta ta bi yaro, a shirya lokacin karatu yadda ba zai ci karo da kiwo da tatsa ba, a kuma yi amfani da rediyo. Wannan shiri ya shafe mu kai tsaye, domin daga irin kwalejinmu malamansa ke fitowa.

2017 zuwa 2019. Maƙwabciyarmu Jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake, ta fara aiki ran 1 ga Nuwamba 2017. Garkuna da yawa suka ƙetaro zuwa Awe da Keana da Obi da Doma. Cikin farkon 2018 aka yi tashin hankali a bakin iyakar nan, aka rasa rayuka, manoma da makiyaya, dubbai suka bar gidajensu suka fake a makarantu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Cikin 2019 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin Ruga, amma aka dakatar da shi cikin Yuli na shekarar, sabo da jama'a da yawa sun ɗauka ƙasarsu za a ƙwace. A wannan shekara kuma aka ƙaddamar da wani shiri na shekara goma don gyara kiwo, daga 2019 zuwa 2028. Jihohi 7 aka zaɓa a fara da su: Adamawa, Binuwai, Kaduna, Nasarawa, Filato, Taraba da Zamfara. A nan jiharmu makiyayar Awe aka sa gaba, da nufin a shuka ciyawa, a tanadi ruwa, makiyayi ya zauna wuri guda ya sayar da nono da nama.

2021 da 2024. Cikin Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin gyara ƙasar da ta lalace, da tare zaizaya, da dashen itatuwa, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Cikin Yuli 2024 kuma aka kafa ma'aikata ta musamman don kula da dabbobi.

4. ME YA SA SHIRI KE MUTUWA?

Kun ga dai shiri ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Abin tambaya shi ne, don me waɗansu su kan mutu tun ba su yi ƙwari ba? Ni dai dalili uku na gani.

Na farko, ana ba da ƙarfi ga farawa, a manta da riƙo. Ga misali wanda ya kamata kowane malami ya sani. Daga 1962 ƙasashen Afirka suka haɗa kai suka yi wa miliyoyin shanu allurar bushiya, har cutar ta kusa ɓacewa. Da kuɗin taimako ya ƙare, aka yi sakaci da yi wa maruƙa allura. Cikin 1983 bushiya ta komo Nijeriya ta kashe shanu ba adadi, waɗansu Filani suka wayi gari ba su da ko ɗan maraƙi. Sai da aka sake ɗaura ɗamara, aka bi abin ba fasawa, kana cikin 2011 aka ba da sanarwa an kawar da ita daga duniya.  A karo na biyu ba a saki ba.

Na biyu, ana yi wa mutum aski ba ya nan. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ardo ya san watan da rafi ke ƙafewa, ya san ciyawar da ke kawo nono da wadda ke kumbura ciki. Tsohuwar Alago ta san itacen da ba a sarewa. Shirin Ruga bai fāɗi don rashin kuɗi ba, ya fāɗi ne don ba a zauna da masu ƙasa an fahimtar da su ba tukuna.

Na uku, ana gyara wa ɗaya a bar ɗaya. In ka haƙa wa makiyayi rijiya, ƙauyen manoma da ke kusa na shan ruwan kududdufi, ka shuka gaba. In ka ba manomi injin ban ruwa ya shinge fadama duka, ba ka bar wa saniya hanyar zuwa kogi ba, ita ma gaba ka shuka. A da kuwa su biyun nan abokan ciniki ne. Bayan girbi manomi ya kan roƙi Bafilatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a ba da dawa a karɓi nono.

5. ZANCEN ƊAN ƘASA DA BAƘO

A nan sai mu taka a hankali. A waɗansu ƙasashe, in an ce "'yan asalin ƙasa" ana nufin mutanen da baƙi daga ƙetare suka tarar, suka rinjaye su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shela a kan hakkinsu cikin 2007, babban abin da ke cikinta kuwa shi ne a nemi yardarsu kafin a taɓa ƙasarsu. Ga mutanen Sami na arewacin Norway, masu kiwon wata irin barewa ta ƙasar sanyi. An buɗe musu majalisa tasu cikin 1989. Cikin 2021 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci cewa injunan samar da lantarki da iska, waɗanda aka kafa a makiyayarsu ta Fosen, sun tauye musu hakki. Ku duba fa, lantarkin iska abu ne mai kyau, ba hayaƙi, amma da ya ke ya ci makiyayar mutane sai ya zama abin ƙara.

Namu ya bambanta. A nan dukanmu 'yan ƙasa ɗaya ne, Tsarin Mulki na 1999 kuwa ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so. Amma ƙananan hukumomi su ke ba da takardar shaidar asali, da ita a ke neman makaranta da aiki. Sai ka ga mutum an haifi kakansa a wuri, ana ce masa baƙo. Ta wancan gefe kuma ka ga ƙaramar kabila tana tsoron kada ƙasar kakanninta da harshenta su salwanta. Tsoron nan duka biyu gaskiya ne, shirin da ya raina ɗaya daga cikinsu ba zai yi tsawon rai ba.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da abin koyi. Cikin 1993 suka kafa dokar ƙasar karkara, wadda ta tanadi kwamitocin ƙasa, inda sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare su shata burtali. Cikin 2010 suka ƙara wata doka wadda ta amince ƙaura da dabbobi hakki ne na makiyayi. Kowace shekara kuma hukuma ta kan sa ranar da za a saki gonaki bayan girbi. Ba a ce rigima ta ƙare can ba, amma akwai inuwar da a ke zama a yi magana kafin a zare sanda.

6. INA RUWAN MALAMI?

Watakila wani zai ce, "Malam, ni lissafi da karatu aka koya mini in koyar, ina ruwana da burtali?" Da ruwanka, ɗan'uwa. A ƙauye da yawa kai ne za a kawo wa takardar Gwamnati ka karanta. A ajinka ne kaɗai ɗan Tibi da ɗan Alago da ɗan Filani za su zauna benci guda. In an yi rigima kuwa, makarantarka ce za ta zama masaukin 'yan gudun hijira, karatu ya tsaya. Sabo da haka ga shawarata.

Ran da ka sauka, ka gai da mai gari, ka gai da Ardo, ka gai da liman da fasto. Ka koyi gaisuwa da harshen kowa. Kada ka yarda yaro ya zagi wani da sunan kabilarsa. Ka tambayi iyaye lokacin da ya fi musu sauƙi su sako yara. Kowane abu aka kawo makaranta, ko rijiya ko dashe, ka tambaya a gaban jama'a: wa zai riƙe shi, wa zai gyara, da kuɗin wa?

Haka ɗalibin nan namu ya yi kafin ya komo. Ya tara Ardo da mai garin manoma, aka yi karo-karo, aka kira makaniki daga Lafiya, aka sa samari biyu, ɗaya daga ruga ɗaya daga gari, suka tsaya a kansa har suka ga yadda a ke kwancewa da ɗaurawa. Aka ajiye asusu, kowane gida na zuba abin da aka yanka masa ran kasuwa. Da na koma da kaka na ƙirga yara 31. Ba su cika 47 ba, ban kuwa san abin da rani mai zuwa zai kawo ba. Amma rijiyar yanzu tana da masu ita.

AIKIN AJI

(a) Ka fita da 'yan aji biyar ko shida su zana taswirar ƙauyensu, su nuna gonaki, da mashaya, da burtali, da kurmi. Sa'an nan su tambayi wani tsoho yadda wuraren nan su ke sa'ad da ya ke yaro, su zana ta biyu, a gwada.

(b) Kowane yaro ya kawo sunan itace 5 da harshen gidansu, da amfanin kowane. A rubuta su a allo jere da Hausa.

(c) Kowane aji ya dasa itace, a rubuta sunan wanda zai ba shi ruwa kowane mako har rani ya wuce.

TAMBAYOYI

1. Faɗi duwatsun murhu uku na raya ƙasa mai ɗorewa, ka kawo misalin kowane daga garinku.
2. Waɗanne dalilai suka sa shanu suka yawaita a ƙasar Lafiya?
3. Mene ne nufin dokar 1965, me kuma ya rage mata ƙarfi?
4. Wane darasi labarin bushiya ya koya mana?
5. A ce an kawo rijiya makarantarka. Rubuta abin da za ka yi cikin watan farko don kada ta mutu.

Wanda ya gwada aikin taswirar nan, ina roƙonsa ya aiko wa Edita labarin abin da ya gani, don 'yan baya su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.